Na Bar Abokin Tuƙina a Bakin Iyakar Madina

Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon arziki a sakaya sunana, ni ma ba zan kama sunan kowa ba. A farkon shekarun tamanin ni direban babbar mota ne a ƙasar Saudiyya, ban yi aure ba, ina da ɗaki ɗaya na haya a unguwar Bani Harisa a Madina, wanda ban cika kwana a cikinsa ba. Iyakar karatuna firamare ce, a wani ƙauye kusa da Malumfashi. Daga nan na zama yaron mota har hannuna ya faɗa a tuƙi. Na zo aikin hajji, wani Balarabe ya tsaya mini na sami igama, wato takardar izinin zama, shi ke nan na zauna. Tun ina yaro ni mutum ne mai waswasi. Sai in gama alwala in sake, in tayar da salla in yanke saboda ina kokwanton niyya. In na kulle mota na yi gaba, sai na dawo na taɓa ƙofar. Mutane suna cewa ina da tsoron Allah, ni ma haka na ɗauka. Na daɗe kafin in gane cewa tsoron Allah daban, tsoron da ke cin mutum daban.

Kamfanin da nake wa aiki yana ɗauko kayan gini daga tashar jiragen ruwa ta Yanbu, ya kai wa 'yan kasuwa a unguwar Sultana da ke cikin Madina. Motarmu direba biyu gare ta, kuma akwai dalili. Ainihin direban wani mutumin Indiya ne daga yankin Punjab, mabiyin addinin Sikh, ya girme ni nesa ba kusa ba. Gwani ne, duk kamfanin babu wanda ya kai shi iya saukowa da mota mai kaya daga gangaren duwatsun hanyar nan. Amma kowa ya san wanda ba musulmi ba ba ya shiga haramin Madina. Saboda haka shi ne zai tuƙo mu tun daga bakin teku, in mun iso kusa da allon da ke nuna iyaka sai ya tsaya ya sauka, ni in karɓi sitiyari in shiga gari, a sauke kaya, in dawo in ɗauke shi. A inda yake jira akwai wata rumfar shayi mai gadajen igiya, da wani mai facin taya a gefenta. Nan kaɗai ake samun ruwa da inuwa a wannan yanki, kuma in baƙo ya je ya zauna shi kaɗai a bakin titi nesa da rumfar, 'yan sanda za su tsaya su tambaye shi abin da yake yi. Dole dai nan zai zauna.

Dogo ne mai rawani, yana naɗe gemunsa ya tusa a ƙarƙashin haɓa, da munduwar ƙarfe a hannun dama. Wasu lokutan baƙi masu zuwa ziyara sukan ɗauka babban malami ne, su yi masa sallama da rusunawa, shi kuma ya dafa ƙirji ya amsa, in sun wuce ya dube ni yana dariya. Ina kiransa Sardar, yadda 'yan ƙasarsu suke kiran masu rawani irinsa, shi kuma yana ce mini Haji. Larabcinmu irin na 'yan aiki ne, guntu-guntu, rabi da baki rabi da hannu, amma muna gane juna sarai. Ya san halina na waswasi, kuma ba ya raga mini. In ya ga na koma zan taɓa ƙofar mota, sai ya ce ƙofar tana gaishe ni, ta ce in kwantar da hankalina, a kulle take. A duk ƙasar nan shi kaɗai ne yake yi mini dariyar da ba ta yi mini ciwo.

Abin da ya haɗa mu bayan mota shi ne ƙwaya. A lokacin aiki ya yi yawa, ana so mu yi sawu biyu maimakon ɗaya, kuma kusan duk direbobin hanyar suna shan wata farar ƙwaya mai hana barci. In ka sha sai ka ji idonka ya buɗe, gajiya ta tafi, yunwa ta tafi, kana jin za ka iya tuƙi har Sham. Shi yana saye wurin mai facin nan na gefen rumfa, ni kuma ina samun tawa a wani garejin gyaran mota a Sultana. Da farko don aiki muke sha, daga baya ya zama ko ranar hutu sai mun sha. Na rame, haƙorana suna ciwo saboda cizon da nake yi musu, ina jin kamar ana bin motarmu a baya. Abin mamaki, ni da nake sake alwala saboda ɗigon ruwa, ban taɓa zuwa na tambayi wani malami hukuncin ƙwayar nan ba. Na gaya wa kaina magani ce. Na san amsar, shi ya sa ban tambaya ba.

Wata rana da hantsi, mun wuce Badar, ya rage gudu ya fara ba ni wani labari da bai taɓa ba ni ba. Ya ce a addininsu haihuwa a ciki ba ta isa ba. Akwai ranar da mutum zai je da ƙafarsa gaban mutum biyar daga cikin waɗanda suka riga shi, a zuba ruwa da sukari a kwanon ƙarfe, a dama da takobi ana karatu, a ba shi ya sha, a yayyafa masa a ido da gashi. Suna kiran abin amrit. Daga ranar ya ɗauki alkawarin da ba a warwarewa: ba aski, ba zina, ba taba, ba wani abu mai gusar da hankali har ya mutu. Ya ce a gidansu miji da mata tare suke sha, kuma matarsa ta shirya tun shekaru, shi take jira. Mahaifinsa ya tsufa, kullum maganarsa ke nan. Duk hutun da ya je gida sai ya ƙirƙiro wani uzuri, ba wanda ya san ainihin dalilin. Ya ce hutunsa na gaba zai faɗo daidai babban bikinsu na farkon bazara, lokacin da aka fi yin wannan abu, kuma ya gaji da yi wa matarsa ƙarya. Yana so ya tsaya gaban mutum biyar ɗin nan ba ƙwaya a aljihunsa, ba ta a jininsa. Sai ya juyo ya ce shi kaɗai ya gwada ya kasa, ko zan yarda mu bari tare. Ban yi dogon tunani ba na ce to, domin ni ma na fara jin tsoron kaina.

Zuwa asibiti da irin wannan magana a lokacin kasada ce, ana iya kai rahoton mutum a kore shi daga ƙasar. Amma a ƙaramin asibitin sansanin ma'aikata akwai wani likita ɗan Sudan, kakanninsa Hausawa ne, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan, irin ta tsofaffi. Ni na fara shiga na yi ta kewaye-kewaye, ya bar ni na gama, sannan ya ce in kirawo abokina da ke jira a waje shi ma. Bai yi mana faɗa ba. Ya ba mu hutun rashin lafiya, ya ba mu maganin da zai taimaka wa jiki, ya yi magana da shugaban direbobi a mayar da mu sawu ɗaya. Ya ce kada mu zaci maganin nan ne zai warkar da mu. Ya ce jiki zai yi kuka ya gaji ya yi shiru, amma abin da ke mayar da mutum shi ne zaman kaɗaici a wurin da ya saba saye. Da ya ji tsarin aikinmu sai ya riƙe kai. Ya dube ni ya ce da tsohuwar Hausarsa, "Ɗan'uwa, wannan mutum amana ne a hannunka. In ka shiga gari, kada ka zauna."

Makonnin farko ba na son tuna su. Barci kamar mutuwa, in mun farka yunwa kamar ta kura, sannan wani baƙin ciki mara dalili ya rufe mutum. Na ga ƙaton mutum mai gemu yana zaune bakin gado hawaye na zuba, ya rasa abin da zai ce ya sa shi kuka. Ni ma haka. Da muka koma hanya sai muka tsara yadda za mu yi. In na karɓi mota, kai tsaye zan wuce wurin sauke kaya, in tsaya a kan masu sauke har su gama, in yi azahar a ƙaramin masallacin da ke gefen shagon, in sayo mana shinkafa da naman rago, in kamo hanya. Ba na bin layin garejin nan ko da zai fi mini kusa. Shi kuma yana zama ya juya wa mai faci baya, yana karanta addu'o'insu a hankali. Mai facin yakan buga ƙarfe a jikin taya ya kira shi, ya ce ya shehu, yau ma azumi ake yi? Shi ba ya waiwaya. In na iso, kafin mu buɗe abinci, sai ya kama haɓata ya duba idona, ni ma in duba nasa. Mai shan ƙwayar nan ba ya iya ɓoye idonsa ga ɗan'uwansa. Sannan mu shimfiɗa jarida mu ci a faranti ɗaya. Ya taɓa gaya mini cewa daga safe zuwa azahar yana iya daurewa, amma in rana ta karkata bai hango ƙurar motarmu ba, sai ya ji ƙafafunsa suna son tashi da kansu. Watannin sanyin nan su ne mafi daɗi da na yi a ƙasar nan. Na yi ƙiba, sallata ta daidaita, har waswasin ya yi sauƙi.

Abin ya lalace ne a kan loma ɗaya. Saura kamar wata biyu hutunsa, muna cin abinci, ya ɗaga tsokar nama ya dube ta, ya ce in ya dawo daga gida ba zai ƙara cin wannan ba. Na zaci wasa yake yi. Ya ce a'a, cikin alkawuran akwai barin naman da aka yanka irin yankanmu na musulmi, saboda haka in ya dawo sai dai in riƙa sayo masa wake da gurasa. Ya faɗa ne da zuciya ɗaya, har yana tsokanata cewa nama zai zama nawa ni kaɗai, zan fi shi tumbi. Na yi dariyar yaƙe. Amma tun daga nan har Yanbu maganar tana juyawa a kaina. Wato duk wannan gudun da nake yi, duk wannan tsayuwa a kan masu sauke kaya, ina yi ne don mutum ya ƙara nutsewa cikin wani addini da ba Musulunci ba, har ya ƙi abin da aka ambaci sunan Allah a kansa? In ya sha ruwan nan, ba ni da kaso a ciki? Ni da nake shiga garin Manzo kullum? Wanda bai san waswasi ba ba zai gane ba. Ba tunani ba ne da kake yi, tunani ne da yake yin ka. Na daina jin daɗin abinci, na koma sake alwala.

Akwai wani ɗan garinmu da ke karatu a jami'ar Musulunci, mutumin kirki, ina girmama shi ƙwarai duk da na girme shi. Ranar wata Juma'a na tare shi bayan an sauko daga masallaci, muna tafe cikin jama'a, na ce Malam ina da tambaya. Na ce shin ya halatta musulmi ya taimaki wanda ba musulmi ba wajen shirin wani bikin shiga addininsu? Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban ce mara lafiya ba ne. Ban ambaci ƙwaya ba, domin in na ambata, sai na faɗi tawa, kuma ina jin kunyar ɗan garinmu ya sani, maganar ta kai gida. Ya ce a'a, bai kamata musulmi ya sa hannu a ibadar wani addini ba, amma kyautata mu'amala da maƙwabtaka wannan wajibi ne. Ya tambaye ni ko akwai wani bayani, na ce babu, wani ne ya aiko ni. Ya amsa abin da na tambaya daidai. Ni kuma na ɗauki rabin farko na amsar na bar rabin ƙarshe a bakin masallaci.

Da na kasance mai ƙarfin hali, da na je na gaya wa Sardar gaskiya, ko na gaya wa likita a nemo wata dabara. Ban yi ba. Na zaɓi hanyar matsorata. Na ce a raina ba zan cuce shi ba, ba kuma zan taimake shi ba, zan dai daina sauri. Sai na fara barin masu sauke kaya su yi yadda suka ga dama. Sai na fara cewa ai azahar a Masallacin Annabi ta fi lada, in bar mota in taka har can. In an idar in zauna. Ina zaune cikin sanyin masallaci, ina jan carbi, zuciyata tana can bakin iyaka tana ganin mutum ya juya wa mai faci baya, amma ina gaya wa kaina ibada nake yi, wa zai ce na yi laifi? In na iso a makare sai in ce masu sauke kaya ne suka ɓata mini lokaci.  Zai kama haɓata ya duba idona kamar kullum, ya ce madalla, Haji yana nan lafiya. Ni kuwa sai in kawar da kai.

Ranar da abin ya faru, ban tsaya a azahar ba, na zauna har aka yi la'asar. Da na iso rumfar, rana ta yi sanyi, ban same shi a gadon da ya saba zama ba. Yana wurin mai faci, ya naɗe hannun riga, yana dukan wata ƙatuwar taya da guduma, yana ta zuba surutu da dariya, gumi ya jiƙa masa rawani. Tun daga nesa na gane ya sha ƙwaya. Na ajiye abincin, bai ko dube shi ba. Bai kama haɓata ba, ni ma ban kama tasa ba. Ya karɓi makulli ya hau, muka kama hanya, yana ta magana a kan gonar alkamarsu da wata saniya da suka taɓa yi, magana ba kai ba gindi. Na fara cewa masu sauke kaya ne suka makarar da ni, sai ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce ba ƙurar siminti a rigata, ƙanshin turaren masallaci nake yi, kuma ya daɗe yana jin ƙanshin nan. Da muka wuce wata doguwar kwanar hanya, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Haji, da kake zaune a can, ka yi mini addu'a?"

Ban yi ba. Duk zaman da na yi a masallacin nan, ko sau ɗaya ban ce Allah Ya ba shi lafiya ba.  Haka muka tafi har muka ga fitilun matatar Yanbu.

Washegari na ja shi wurin likita. Likitan ya ce faɗuwa ɗaya ba ita ce ƙarshe ba, kusan kowa yana faɗuwa, a tashi a ci gaba. Bai tambaye ni komai ba, kallo ɗaya ya yi mini. Na koma yin sauri, har fiye da da, ina gudu kamar zan kashe kaina a hanya. Amma abin da ya karye ya karye. Wata rana in same shi lafiya, wata rana in same shi wurin mai faci. Ya daina duba idona. Ban taɓa gaya masa dalilina ba, amma ina jin ya gane, domin wata rana ya ce da ya sani da bai yi maganar naman nan ba. Ranar da zai tafi na raka shi inda motar filin jirgi take ɗaukar ma'aikata. Na tambaye shi abin da zai gaya wa matarsa. Ya ce gaskiya. Ya ce zai je gaban mutum biyar ɗin ya faɗa musu yadda yake, ranar da ya bari da ranar da ya koma, in sun ce ya jira wata shekara zai jira, in sun ce ya nemi magani tukuna zai nema, amma ya gama ƙirƙiro uzuri. Na ce ya yafe mini. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai ma mara lafiya ne, Haji. Ka koma wurin likita." Ya hau mota.

Bai dawo ba. Hutunsa ya ƙare, aka jira, daga baya aka kawo wani direba musulmi ɗan Pakistan wanda yake shiga gari da kansa, saboda haka ba a bukatar direba na biyu. Aka mayar da ni kan wata ƙaramar mota ni kaɗai. Na tambayi 'yan ƙasarsu a sansanin, wani ya ce ya ji ya sayi tarakta yana noma, wani ya ce a'a, Dubai ya tafi. Ba wanda ya san ko ya sha ruwan nan ko bai sha ba. Ni kuwa, da ba mai kama haɓata, ban yi wata guda ba ƙafata ta kai ni layin garejin nan. Na koma fiye da yadda nake a da. Ina kwana a ɗakina na Bani Harisa ido biyu, ba mai ƙwanƙwasa mini ƙofa, ina jin maƙwabta suna hira da 'ya'yansu ta bayan bango. A garin da mutane suke sayar da gonakinsu don su zo su gani, ni ina ciki kamar wanda aka jefa rijiya.

Wanda ya fito da ni shi ne ɗan garinmu ɗin nan. Ya ga ya daina ganina a masallaci, ya biyo sawu, ya same ni a halin da ba na son bayyanawa. A ranar na gaya masa komai, har da tambayar da na yi masa da abin da na yi da amsarsa.  Da na gama ya ce, cikin sanyin murya, me ya sa ban ce masa mutumin mara lafiya ba ne? Ya ce raba ɗan Adam da abin da ke kashe shi aikin lada ne ko wane ne shi, abin da zai yi da lafiyarsa bayan nan tsakaninsa da Mahaliccinsa ne. Ya ce ba a ce in dama musu ruwa ba, an ce in dawo da wuri. Na ga idonsa ya kawo ruwa, ya ce shi ma daga yau ba zai ƙara amsa tambaya a tsaye cikin jama'a ba. Shi ya mayar da ni wurin likita, kuma har ya gama karatunsa ya koma gida, kullum bayan darasi sai ya zo ya zauna da ni, wani lokaci ba ma magana, yana bitar karatunsa ina kwance. Da haka Allah Ya raba ni da ƙwaya, bayan na faɗi na tashi ba sau ɗaya ba.

Yanzu na tsufa, ina nan Madina, na yi aure na haifi 'ya'yan da nake yi wa Hausa suna amsa mini da Larabci. Ba su san wannan labari ba. Na rubuto ne saboda ina jin labarin yadda ƙwayoyi suke cin yaranmu a gida, kuma na san a kusa da kowane yaro akwai wani irina, mai ganin kansa mutumin kirki, wanda zai ja baya a ranar da aka fi bukatarsa, ya kuma sami hujjar addini ya rufe fuskarsa da ita. Ina gargaɗin 'yan'uwana da abu biyu. In za ka tambayi malami, ka faɗi maganar duka, har da wurin da ke ba ka kunya, domin wanda ya yi rabin tambaya ya riga ya zaɓi amsar da yake so. Sannan in wani ya ce maka yana son barin shaye-shaye, ya roƙe ka ka tsaya tare da shi, kada ka tsaya binciken inda zai je da lafiyarsa in ya samu. Ba wa'azi yake nema a wurinka ba, ba kuma kuɗi ba. So yake in ya ɗaga kai a lokacin da abin ya taso masa, ya ga mutum. In ba za ka iya ba, ka gaya masa a fili tun da wuri ya nemi wani, kada ka bar shi yana kallon hanya.

Ban sani ba ko yana raye. In yana raye ya zama tsoho tukuf. Wani lokaci in na ɗaga hannu zan roƙa masa lafiya da shiriya, sai tsohon ciwona ya taso, ya ce in kuma ya mutu fa, ya halatta? Sai in ji hannuna yana son sauka. Amma na koyi abu ɗaya a rayuwata, ko da a makare. Ina barin hannun a sama, in ce ya Allah, Kai Ka san inda bawan nan naka yake, Ka kuma san abin da nake nufi. Sannan in shafa.